Jakar maniyyaci: Yadda za ka rage nauyin kaya ka tsira da lafiyarka da aljihunka

Idan ka taɓa raka ɗan'uwa sansanin alhazai na Basan Jiwa, kusa da filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, ka san yadda wurin yake kasancewa a daren tashi. Za ka ga dattijuwa zaune a kan jakarta, 'ya'yanta biyu suna danna murfin da gwiwa don zif ya rufu. Za ka ga magidanci ya zube kayansa a ƙasa yana ware garin kwaki da robar man ja, saboda jami'ai sun ce ba za su wuce ba. Mutum bai ko taka matakalar jirgi ba, amma ya riga ya jiƙe da gumi, bayansa ya fara ciwo, ransa kuma ya ɓaci.

Mai karatu, ko kai ne maniyyacin, ko mahaifiyarka ce za ka shirya wa kaya, ko kuwa Umara za ku tafi da iyali, maganar jaka magana ce ta lafiya kafin ta zama ta kuɗi. Kayan da ka ɗaure a Kubwa ko Gwarimpa kai ne za ka ja su a Madina, ka sauke su a Makka, ka hau da su bene idan layin lif ya yi tsawo. Yaran da suka taya ka ɗauka a gida ba za su bi ka ba. Don haka ƙa'idar farko ita ce: kada ka tafi da jakar da ba za ka iya ɗaga ta kai kaɗai ba.

Ka san ma'aunin kafin ka fara zuba kaya

Shekaru da dama ƙa'idar da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta saba bai wa alhazan Najeriya ita ce babbar jaka mai nauyin kilo 32 da ƙaramar jakar hannu mai kilo 8. Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Babban Birnin Tarayya, kamar takwarorinta na jihohi, tana raba jakunkuna iri ɗaya ga maniyyatanta. Tsarin yakan ɗan sauya gwargwadon yarjejeniyar da aka yi da kamfanin jirgi a kowace shekara, saboda haka ka tambaya a wurin bita, ka rubuta adadin da aka faɗa maka. Mai zuwa Umara a jirgin kasuwa kuwa ya duba tikitinsa, domin a yawancin kamfanoni jakar ƙaramar kujera ba ta wuce kilo 23, kuma wani tikitin jaka ɗaya ya yarda da ita, wani biyu.

Adadin kilo 32 ɗin nan ba don a ƙuntata maka aka sa shi ba. Shi ne iyakar nauyin jaka guda da kamfanonin jiragen sama da yawa ke yarda ma'aikacinsu ya ɗaga, don kare bayansa da kafaɗarsa. Ka tsaya ka yi tunani a nan. Wannan iyaka ce da aka yanka wa ƙaƙƙarfan matashi wanda ɗaukar kaya ce sana'arsa. Yaya kake gani idan dattijo mai shekara 65, mai hawan jini da ciwon gwiwa, shi ne zai yi ta fama da ita?

Abu na biyu da ya kamata ka sani shi ne, a dawowa ake shan wahalar awo. Kwanaki kafin tashi ake zuwa masauki a Makka a auna manyan jakunkuna, a kwashe su zuwa Jidda. Daga nan ba ka da sauran wuri sai jakar hannu, ita ma za a tantance ta. Duk abin da ya yi yawa a filin jirgi, ko dai ka bar shi a can, ko ka jawo wa jirginku jinkiri. Alhazai da yawa sun bar darduma da bargo da buta a Jidda suna ji suna gani.

Saboda haka lissafin yana farawa tun daga gida. Idan ka tafi da kilo 30, kilo 2 kacal ka bar wa tsaraba. Shawarar da ta fi dacewa ita ce ka tafi da abin da bai kai rabin ma'auninka ba, sauran wurin ka bar shi fanko.

Auna a gida ba wuya. Akwai ƙaramin sikelin rataye da ake sayarwa a kasuwar Wuse da ta Garki. Idan ba ka da shi, hau sikelin auna nauyin jiki kai kaɗai, ka sake hawa riƙe da jakar, sai ka cire na farko daga na biyu. Ka tuna ita kanta jakar tana da nauyi: babban akwati mai tauri yakan kai kilo 4 zuwa 5 tun ba a sa masa komai ba. Ka jefa sikelin ratayen a jaka, zai yi maka rana a Makka, kai da 'yan ɗakinku.

Magani kafin tufafi

Yawancinmu da tufafi muke fara shiri, magani kuwa sai a daren tafiya a cusa shi a wani lungu. Ka juya tsarin. Makonni kafin tashi ka je wurin likitanka, ka gaya masa tsawon kwanakin da za ka yi. Aikin Hajji yakan ɗauki maniyyacin Najeriya kimanin wata guda ko fiye, jirgin dawowa kuma yana iya yin jinkiri. Ka nemi maganin da zai ishe ka duk tafiyar, da ƙarin na mako biyu. Ka roƙi likita ya rubuta maka takarda da Turanci mai ɗauke da sunan ciwon, da ainihin sunan kowane magani, da yadda ake shan sa. Sunan da kamfani ya sa wa magani a Najeriya ba lallai ne a san shi a kantin magani na Saudiyya ba, amma ainihin sunan ɗaya ne a ko'ina.

Ka bar kowane magani a cikin kwalinsa na asali. Zuba ƙwayoyi kala-kala a leda ɗaya don rage wuri yana jawo matsala biyu: kai kanka za ka iya rikita su, jami'in kwastan kuma ba shi da hanyar gane mene ne. Maganin hawan jini, na sukari, na asma da na zuciya, duk jakar hannu ce wurinsu. Babbar jaka tana iya makara ko ta bi wani jirgin, hawan jini kuwa ba ya jiran jaka.

Mai allurar insulin ya ƙara kula. Kada a sa ta a babbar jaka, domin sanyin ɗakin kayan jirgi yana iya daskarar da ita, insulin da ta daskare kuwa ta lalace ko da ta narke. Zafi ma yana kashe ta. Wadda ba a buɗe ba tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda aka fara amfani da ita kuma yawanci takan yi kimanin mako 4 idan zafin wurin bai wuce digiri 30 ba. Ka nemi 'yar jakar sanyaya magani, ka haɗa da na'urar gwajin sukari da isassun tsinkayenta. Ka riƙa yawo da dabino ko alewa a aljihu, saboda doguwar tafiya a ƙasa tana iya sauke sukari farat ɗaya.

Akwai magungunan da ɗaukar su kan iya kai mutum kurkuku. Tiramadol da maganin tari mai kodin da magungunan sa barci suna cikin waɗanda Saudiyya ke sa wa ido sosai, hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a ƙasar kuma yana kaiwa ga kisa. Idan likita ne ya ɗora ka a kan irinsu, ka sanar da jami'an lafiya na hukumar alhazai tun a wurin tantancewa. Haka nan ka bar garin maganin gargajiya da jiƙe-jiƙe a gida. Ƙullin gari marar suna a cikin jaka abin zargi ne a kowane filin jirgi.

Katin rigakafi shi ma jakar hannu zai shiga, tare da fasfo. Saudiyya tana buƙatar shaidar rigakafin sanƙarau daga duk mai zuwa aikin Hajji, kuma masu zuwa daga Najeriya ana neman shaidar rigakafin shawara da na shan inna. Ka ɗauki hoton katin da fasfo da takardar likita a wayarka, ka tura wa wani a gida.

Zafin Makka ne zai zaɓa maka kaya

A Hajjin 2024, wanda ya faɗo a watan Yuni, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301. Mafi yawansu mutane ne da suka je ba tare da izinin Hajji ba, suka yi doguwar tafiya a rana babu inuwa. Darasin ya shafi kowa: abin da zai kare ka daga rana ya fi kowace babbar riga muhimmanci a jakarka.

Ka tanadi lema mai naɗewa, fara ko mai haske. Ka tanadi gorar ruwa marar nauyi, ka shiga jirgi da ita fanko, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Ka sayi ƙunshin gishiri da sukari na ORS kamar guda 10 zuwa 15, ba su da nauyi, kuma su ne ke mayar wa jiki abin da gumi ko gudawa suka fitar. Ka haɗa da takunkumin fuska saboda murar da ke yawo a cikin cunkoso, da man shafawa marar ƙamshi. Maza su lura da wannan: tafiya a cikin harami babu wando tana sa cinyoyi su goge har su yi ciwo, ɗan man basilin kafin fita yana hana hakan.

Takalmi kuma ya fi komai. Sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da zuwa jifa da dawowa, ban da tafiya daga masauki zuwa Harami sau da yawa a rana. Kada ka sayi sabon takalmi ka ajiye sai ranar tafiya. Ka saya da wuri, ka yi makonni kana yawo da shi a unguwa har ya saba da ƙafarka. Ƙafa biyu sun isa: wanda za ka sa, da silifas na banɗaki. Mai ciwon sukari kada ya kuskura ya taka ƙasa ba takalmi a waje, domin daɓen da rana ta gasa yana ƙona tafin ƙafa ba tare da ya ji ba, irin wannan ƙunar kuwa tana daɗewa ba ta warke ba. Ka riƙe 'yar jakar zuba takalmi, ka shiga masallaci da shi a hannunka.

Tufafi kala nawa?

A nan ne jaka ke cika. Mutum yakan lissafa kwana 35, sai ya ga kamar yana bukatar kaya kala 20. Amma a Makka wanki yana bushewa cikin 'yan awoyi. Ga namiji, harami biyu, da yunifom ɗin da hukuma ta ba shi, da kaftani marasa nauyi uku ko huɗu sun wadatar. Babbar riga da shadda mai sitati su jira ka a gida, ranar walimar dawowa za su yi amfani.

Hajiya, ke ma haka. Leshi mai duwatsu da atamfa mai kauri nauyi ne kawai, kuma suna riƙe zafi. Dogayen riguna na auduga huɗu ko biyar, hijabai uku masu sauƙin bushewa, da dogon wando na ciki, sun fi miki akwati guda na kayan biki. Ki zaɓi kalolin da kowane hijabi zai shiga da kowace riga. Gwala-gwalai kuma su zauna a gida, cunkoso ba wurinsu ba ne.

Wajen shiryawa, ka naɗe tufafi kamar tabarma maimakon ninkewa, sun fi cin ƙaramin wuri kuma ba sa yamutsewa sosai. Ka cusa safa da ƙananan kaya a cikin takalmi. Masu nauyi su zauna a ƙasa ta wajen tayoyi, don kada jakar ta riƙa kifewa tana fizgar hannunka. Ka raba kaya a ledoji masu zif: na wanka daban, na ciki daban. Akwai ledar da ake zuƙe wa iska ta matse kaya, tana da amfani, amma ka yi hattara da ita. Wuri take ragewa, nauyi yana nan yadda yake, kuma wurin da ta samar shi ke ruɗin mutum ya ƙara kaya har ya zarce ma'auni.

Sabulu da man goge baki da garin wanki, ka ɗauki na 'yan kwanakin farko kawai. Shaguna suna ko'ina a kewayen masaukai a Makka da Madina. Dutsen guga da risho da tukunyar gas ba su da gurbi a jakarka. Girki a cikin tantunan Mina haramun ne a dokar Saudiyya, tun bayan gobarar 1997 da ta ci rayukan alhazai sama da 300. Soket ɗin lantarki a Saudiyya kuwa yawanci mai baki uku ne irin namu, don haka cajar wayarka za ta yi aiki.

Abin da zai zauna a jakar hannu

Ka ɗauka cewa babbar jakarka za ta yi kwana biyu ba ta iso ba, sai ka tambayi kanka me za ka bukata. Amsar ita ce jakar hannunka: takardu, magani, tabarau, waya da caja, kaya kala ɗaya na canji, da buroshi. Batirin ajiyar caji dole a jakar hannu zai zauna, dokar jiragen sama ta hana sa shi a ɗakin kaya saboda haɗarin gobara. Almakashi da reza da abin yanke farce kuwa babbar jaka za su shiga, in ba haka ba a karɓe su a wurin bincike. Duk wani abu mai ruwa a jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100.

Ka tambayi inda jirginku zai sauka. Idan Madina ce, haraminka yana iya zama a babbar jaka, domin sai kun tashi tafiya Makka za ku ɗaura a Zul Hulaifa. Idan kuwa Jidda za ku sauka ku wuce Makka kai tsaye, kamar yadda masu Umara da yawa ke yi, haramin ya kasance a jikinka ko a hannunka tun daga Abuja.

Ka kuma tanadi 'yar jakar goyo marar nauyi domin kwanakin Mina da Arfa da Muzdalifa. Babbar jaka a Makka za ta zauna. Abin da za ka fita da shi kaɗan ne: magani, lema, gora, 'yar shimfiɗa mai naɗewa, harami na canji da kaya kala ɗaya. Jakar goyo tana raba nauyi a kafaɗu biyu, ta bar maka hannuwa ka riƙe dattijon da kuke tare.

Goro, yaji da man ja

Bahaushe ba ya son rabuwa da abincin gida, kuma gaskiya ne wasu dattawan ba sa iya cin abincin da ba su saba da shi ba. Amma ciyarwa tana cikin kuɗin kujerar Hajji, kuma a unguwannin da 'yan Afirka ta Yamma ke sauka a Makka ana samun tuwo da miya. Idan za ka ɗauki wani abu, ya zama busasshe kuma kaɗan, kamar ɗan yaji ko garin kunu, a mazubi mai rufi, bayan ka tabbatar a wurin bita cewa an yarda da shi. Man ja da man shanu da zuma suna da nauyi, kuma idan suka fashe a jaka sun gama da haraminka da na maƙwabcinka. Goro kuwa Saudiyya ta hana shiga da shi, NAHCON tana nanata wannan gargaɗi duk shekara. Idan Baba mai cin goro ne, a fara rage masa tun wata guda kafin tafiya, don kada ciwon kai da kasala su same shi a can.

“Don Allah ga ɗan saƙo”

Da zarar an ji za ka tafi, masu saƙo za su fara sallama. Wannan yana da 'yar'uwa a Makka, wancan yana da ɗa mai karatu a Madina. Kunya takan sa mutum ya karɓa. To, ka sani duk abin da aka samu a jakar da ke ɗauke da sunanka, naka ne a idon doka. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya, bayan an samu ƙwayoyi a wata jaka da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai da ta shafe watanni a tsare, binciken hukumar NDLEA ya gano masu hannu a filin jirgi, gwamnatin tarayya ta sa baki, kafin aka sake ta a watan Afrilun 2019. Ita ba ta ma karɓi saƙon kowa ba. Ina ga wanda ya karɓa da hannunsa?

Kada ka karɓi ƙullin da ba ka buɗe ka gani ba, ko daga wa ya fito. A filin jirgi kada ka riƙe wa baƙo jaka, kada ka yarda a auna kayan wani da sunanka don kana da sauran kilo. Ka ƙirga jakunkunan da aka rubuta a tikitinka, ka adana 'yar takardar shaidar kaya da za a ba ka, ka ɗauki hoton jakarka a kan sikeli. Tun da jakunkunan alhazai iri ɗaya ne, ka ɗaura wa taka ƙyalle mai kala, ka rubuta sunanka da lambar waya a ciki da waje.

Tsaraba: a yi maganar tun a gida

Abin da ke karya bayan alhaji da aljihunsa a dawowa shi ne tsaraba. Dangi da maƙwabta da abokan aiki kowa yana sa rai, alhaji kuma yana jin nauyin a ce ya dawo hannu rabbana. Sai ka ga mutum ya bar sallah a Harami yana zagayen kasuwa, ya ƙarar da guzurinsa, sannan ya zo yana rigima da masu awo.

Ku zauna da iyali kafin tafiya ku rubuta sunayen waɗanda za a yi wa tsaraba, ku yanke adadin kuɗi da na kilo. Ka duba tambarin da ke jikin darduma da carbi da jallabiyar da ake sayarwa a Makka, za ka ga da yawansu daga Chaina ko Turkiyya aka kawo su, kuma irinsu suna nan a kasuwar Wuse da Kantin Kwari a Kano. Iyalai da yawa yanzu a nan gida suke sayen waɗannan su ajiye kafin alhaji ya dawo, ba kuma abin kunya ba ne. Daga can sai a taho da abin da ya keɓanta da wurin kuma bai da nauyi: dabinon Madina, turare, kwalli, zobba da bagaruwa domin yara.

Ruwan Zamzam kada ka ɓoye shi a cikin jaka. An hana, na'ura tana gano shi, kuma za a farke jakar a fitar da shi. Akwai tsarin da ake bai wa kowane alhaji lita 5 a rufaffen mazubi, wanda ba ya cikin lissafin kilo ɗinka. Idan kuwa sayayyarka ta kasuwanci ce, ka bi ta kamfanonin dakon kaya da hukuma ta amince da su, ka biya, ka karɓi rasit, ka sa a ranka cewa kayan za su iso bayanka.

Ga 'ya'yan da ke shirya wa iyaye

Idan Mama ko Baba ne za su tafi, kada ku shirya jakar a bayan idonsu. Ku zauna tare, su ga inda aka sa kowane abu, domin su ne za su neme shi da tsakar dare a ɗakin da ba su sani ba. Ku rubuta lokutan shan magani da manyan baƙaƙe, da boko ko da ajami, wanda suka fi iya karantawa. Bayan an rufe jaka, ku bar su su ja ta daga ɗaki zuwa ƙofar gida da kansu. Idan suka tsaya hutawa a hanya, a buɗe a rage.

Ku nuna musu yadda ake ɗaga kaya: a durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, a jawo jakar kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Sa jaka a ma'ajiyar saman kujerar jirgi yana cikin abin da ke gurɗa kafaɗar dattijo, don haka su nemi taimako, babu kunya a ciki. Ku kuma fara fita da su tattaki da safe ko da yamma, minti 20 zuwa 30, tun watanni biyu kafin tafiya, idan likita bai hana ba. A cikin jirgi su riƙa motsa ƙafa, su tashi su ɗan taka, su sha ruwa, saboda dogon zama yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

Idan tafiyar ta shaƙatawa ce

Wannan lissafi bai tsaya ga aikin ibada ba. Wasu iyalan Abuja sun fara sha'awar hutu a manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido, irin waɗanda ke tashi daga Dubai, ko jirgin Aroya na Saudiyya da ya fara ɗaukar fasinja daga Jidda a watan Disambar 2024. Jirgin ruwa ba ya cika takura wa fasinja a kan nauyi, amma jirgin saman da zai kai ka tashar yana nan da sikelinsa. Ɗakunan kuma ƙanana ne, akwatin da ba zai shige ƙarƙashin gado ba zai tare muku hanya har ƙarshen tafiya. Ana karɓar manyan jakunkuna a tashar, sai bayan awoyi a kawo su ƙofar ɗaki, don haka magani da takardu da kayan yara su kasance a hannu. Dutsen guga a nan ma an hana shi. Mai saurin jin jiri ko amai a mota ya nemi shawarar likita a kan maganin da zai riƙe.

Kakanninmu da suka bi ta Borno da Chadi da Sudan a ƙafa, suka tsallaka Bahar Maliya a jirgin ruwa daga Suwakin zuwa Jidda, sun yi watanni, wasu shekaru, da abin da kai ko jaki zai iya ɗauka, kuma sun sauke farali. Kai da za ka isa cikin awoyi, ka shirya jakarka mako guda kafin tashi, ka auna ta, ka kwana biyu, sannan ka sake buɗewa. Duk abin da ka sa saboda “ko da wataƙila”, in ba magani ba ne, ka fitar da shi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa a yi karɓaɓɓiya.